Kina Ji Na?

Ranar da ya fara shigowa ofishinsu, hular kwano ce a hammatarsa, takalminsa duk busasshen taɓo. Ya tsaya tsakiyar tebura yana rarraba ido.

"Don Allah, wace ce a cikinku take cewa 'ina jin ka raɗau'?"

Ofis ya kwashe da dariya, yatsu suka nuna teburin kusa da taga. Budurwar da ke wurin ta zare abin sauraro daga kunnenta, ta ɗago. Shi ke nan, bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi.

Kamfanin wayar da suke wa aiki yana da rassa a ƙasashe da dama. Shi injiniya ne, aikinsa kafa ƙarfen sabis a duk inda aka tura shi. Ita kuwa tana sashen da ke tabbatar da cewa layin mutum bai mutu ba idan ya tsallaka iyaka. Dokar kamfani ce, duk sabon ƙarfen da aka kunna a ƙetare, kiran farko teburinta yake zuwa don gwaji. Ya daɗe yana jin muryar nan daga saman ƙarfe, iska na kaɗa shi, yau dai ya ce sai ya ga mai ita.

"Ashe kai ne mai ihu kamar ana korarsa," in ji ta.

"Ki hau can sama ki yi magana a hankali mu gani."

Tun daga ranar ta sa masa Sarkin Hawa, shi kuma yake ce mata Muryata. Kuma kai, mutumin nan ya iya aikinsa! Garin da mutane ke hawa bishiya neman sabis, yana barinsa tsofaffi na waya daga kan gado. Idan ya sauko sai saƙo ya shigo:

"Muryata, yau wata tsohuwa ta ji kukan jikanta a waya, ta rungume ni har hulata ta faɗi. Ke na tuna."

Ta mayar masa: "Ka riƙa ɗaure igiyar nan da kyau. Idan ka faɗo ba zan yafe maka ba."

Da maganar aurensu ta isa gun iyayenta, Baba ya ce shi bai ga aibun yaron ba. Mama ce ta kafe. Tana da dalilinta, kuma kowa a gidan ya san shi. Ƙanwarta ɗaya tilo a duniya, aure ya kai ta wani ƙauye bayan duwatsu a ƙasar maƙwabta, inda babu sabis. Shekaru ke nan ba ta ji muryarta ba, sai dai saƙon baki idan an dace da matafiyi. Ga ciwon ƙafa ya hana ƙanwar tafiya.

Ranar da Sarkin Hawa ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofar falo, Mama ta faɗa masa a fuska.

"Yaro, ban ƙi ka don hali ba. Na ba ƙetare ƙanwata, ta haɗiye ta. Ba zan ƙara mata da 'yata ba."

Ya sunkuyar da kai. Abu ɗaya ya tambaya, sunan ƙauyen. Mama ta faɗa tana share ido da bakin mayafi.

Ga kuma mai kantin magani na bakin layinsu, mutumin kirki, kullum yana nan kamar turken wuta. Shi yake auna wa Mama hawan jini, kuma ya daɗe da nuna yana ciki. Mama ta ce ga miji a ƙofar gida, me za a je nema a bayan duwatsu?

Ba a jima ba aka sake tura Sarkin Hawa aiki. Ya ce wa budurwar tasa zai kira idan ya sauka. Bai kira ba.

Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Ta kira, a kashe. Ta tura saƙo: "Ko laifi na yi, ai sai ka faɗa min." Shiru. Ta tambayi sashensu, aka ce yana fili, aikin ne ya ja. Zuciyarta ta ce ƙarya ne, maganar Mama ce ta kore shi, ya rasa bakin faɗa. Ta rame, ta daina tsokanar kowa a ofis.

"Kin gani ko?" in ji Mama. "Tun ba a ɗaura ba ke nan."

Da ta gaji da kuka, ta ce wa Mama to. Aka sa ranar da manyan mai kantin magani za su zo da yamma.

Da hantsin ranar tana kan teburinta, jiki babu laka, sai wayarta ta hau ƙara. Saƙo kan saƙo, har tana zamewa a kan tebur. Duk daga gare shi. Ta buɗe na farko:

"Muryata, na roƙi a ba ni aikin ƙauyen ƙanwar Mama, an ba ni. Babu sabis a can sai na kafa. Idan kin ji shiru, ki yi haƙuri da ni."

Ka ji injiniyan sabis guda! Sai da ya wuce ƙarfen sabis na ƙarshe a hanya sannan ya danna tura, saƙon ya maƙale a wayarsa bai lura ba, shi da duk waɗanda suka biyo baya.

"Ruwa ya cinye hanya, da kai muke hawa da kaya."

"Na ga ƙanwar Mama. Dariyarku iri ɗaya."

Ba ta gama karantawa ba layin gwaji ya yi ƙara. Sabon ƙarfe ne, lambar da ba ta taɓa gani ba. Ta sa abin sauraro.

"Gwaji, gwaji. Kina ji na?"

Ta so ta zazzage masa masifa, wallahi ta so. Abin da ya fito shi ne, "Ina jin ka raɗau, mugu kawai."

"Na ci zagin. Yanzu na ga saƙonnina suna tafiya, na kusa faɗowa. Ki rubuta gwaji ya yi, sannan ki haɗa ni da wayar Mama."

Ta haɗa. Mama ta ɗauka daga kicin, ana jin ƙarar tukwane.

"Wa ke magana?"

Wata siririyar murya mai rawa ta ce, "Yaya? Yaya, ni ce."

Aka ji murfin tukunya ya faɗi ƙasa. Mama ta kira ƙanwarta da sunan yarinta, ta sake kira, sannan kuka ya ƙwace wa su biyun. Ita kuwa tana tsakiyar layi, hawaye na ɗiga a kan madannai, ofis duk an yi cirko-cirko a kanta. Babu wanda ya ce ta katse, har shugaban sashen.

Kafin yamma Baba ya taka da kansa har kantin magani ya ba da haƙuri. Mutumin ya ce abin da zafi, amma Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Da Sarkin Hawa ya dawo, ya yi baƙi ya rame, ya sake durƙusawa a bakin ƙofar nan. Mama ta daɗe tana kallonsa.

"Tashi ka hau kujera, ɗana. Ka kai ta duk inda za ka kai ta. Amma ka kafa ƙarfen tukuna, kafin ka sauke akwatinta."

Ranar ɗaurin aure an jingina waya da tulun furanni a tsakiyar falo, ƙanwar Mama na ciki tana ta guɗa tana sa albarka, tana gyara wa amarya ɗaurin ɗankwali daga wata ƙasa. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ta gari, aka yi ta amsawa da amin.

Da jama'a suka ragu, ango ya matso kusa da kunnenta, ya rage murya.

"Kina ji na?"

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

"Raɗau. Kuma yau ba sai ka yi ihu ba."