Turmin Maganin Kaka

A unguwar Kinkinau akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai gaggawa kamar ana korar ta. Ummanta tana aiki a wani kamfanin haɗa magunguna.

A gidansu akwai ƙananan turame biyu na tangaran. Ɗaya na daka wa Kaka ƙwayar ciwon suga. Ɗayan na ƙanin yarinyar ne, Jibrin, ɗan shekara biyu.

Ran Asabar Umma tana wanki, ta ce, "Daka wa Jibrin maganin zazzaɓinsa. A turminsa fa."

Yarinyar ta ɗan duba, ba ta gan shi ba. Na Kaka kuwa ga shi nan fari fat. Ta hure shi, ta goge da bakin hijabi, ta daka, ta ba yaron.

Bayan azahar gidan ya yi tsit. Jibrin, wanda ko kaza ba ya bari ta huta, yana kwance a tabarma. Idanunsa a buɗe, amma ba ya kallon kowa. Yarinyar ta taɓa shi. Jikinsa sanyi ƙalau, ga gumi. Ta kira sunansa. Ba ta ji komai ba sai ƙarar fanka.

Maƙwabciyarsu Husaina ta leƙo, ta yi ƙasa da murya. "Maman Jibrin, wannan ba na asibiti ba ne. Gamo ya yi."

Tsoro ya rufe yarinyar. "Umma, a turmin Kaka na daka. Amma wallahi babu komai a ciki."

Umma ba ta tsaya faɗa ba. Ta saɓi Jibrin, suka tari Keke Napep zuwa asibiti.

Likita ya ji sunan maganin Kaka, ya auna jinin yaron. "Sugansa ne ya faɗi," in ji shi. Aka sa masa ƙarin ruwa. Can sai Jibrin ya motsa, ya fara kukan biskit. Yarinyar ma ta fashe da kuka, don daɗi.

Umma ta jawo ta jikinta. "A wurin aikinmu, ko an wanke inji yana ƙyalli, ba ma yarda. Sai mun goga auduga a lungunansa, an kai ɗakin gwaji. In an ga burbushin maganin jiya, a sake wanki."

"Ko ɗan kaɗan ne, Umma?"

"Ɗan kaɗan ɗin ne ya kwantar da ƙaninki. Maganin Kaka lafiya ne a gare ta, guba ne a gare shi."

Daga ranar ta gane cewa ganin ido ba ya tabbatar da tsabta. Ba ta ƙara haɗa kayan maganin mutum biyu ba.