Hannun Ruwaida a Kamarar Safwan

Safwan ya fara ganin hannun Ruwaida kafin fuskarta. A wani gidan biki ne a unguwar Zongo, tana zaune a baranda tana zana wa amarya lalle, shi kuma an ɗauko shi ɗaukar hoto. Sirantar zanen ce ta sa ya tsuguna ya buɗe jakarsa.

"Malam, ka tare min haske," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Yi haƙuri. Kamarata ba ta ganin zanenki daga nesa, sai na ƙara mata zobe."

Ya kwance gilashin gaban kamarar, ya sa wani zoben ƙarfe tsakaninsa da kamarar, ya ɗaure. Ya ce mata duk zoben da aka ƙara, kamara na iya matsowa kusa, ƙaramin abu ya cika hoto, sai dai haske na raguwa, kuma ko numfashi mai ƙarfi na ɓata aikin. Ya riƙe numfashinsa ya ɗauka. Da ya juya mata kamarar, sai ta ga ɗan ganyen da ta zana, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya zama kamar ganyen mangwaro.

Ta ɗago ta dube shi. Shi ke nan.

Daga ranar, zem ɗin, wato ɗan acaɓan da ke kai shi shagon hoto, sai ya biya ta rumfar lallenta. Yana ɗaukar zanenta, tana sawa a waya, amare na zuwa har daga unguwar Sainte-Rita. Yakan rubuta mata: "Zinariyata, yau na ɗauki idon tururuwa, amma hankalina na kan yatsunki." Ita kuma ta amsa: "Mai leƙe-leƙe, ka ci abinci dai?"

Hannunta na hagu kullum a rufe yake da baƙin lalle har wuyan hannu. Wata rana ya roƙe ta ya ɗauke shi. Ta miƙa masa. Ya haɗa zobba gaba ɗaya, ya ɗaura ƙaramin gilashi a gaba. A hoton, inda lallen ya fara koɗewa, fararen tabo suka fito fili.

"Tun ina yarinya suke," ta ce a hankali. "A lopital, likitoci sun ce launin fata ne kawai ya gudu, ba ciwo ba ne, ba ya kama kowa. Bayan 'yan gidanmu, kai kaɗai ka gani."

"To ni kaɗai zan ci gaba da gani."

Amma shagon ba nasa ne shi kaɗai ba. Abokin aikinsa Abdulƙahar ya taɓa neman Ruwaida ta ƙi shi, kuma kwamfuta ɗaya suke amfani da ita.

Wata safiyar Juma'a hoton ya shiga wayoyin matan Zongo, an yanke zanen, an bar tabon ya cika fuskar waya kamar gyambo. A ƙasa an rubuta: "Kuturwar da ke taɓa amarenku."

Kafin la'asar, amaryar da Ruwaida ta zana wa jiya ta goge hannunta da ruwan bilic har fatar ta saluɓe. Mai sayar da koko ta ce Ruwaida ta riƙa zuwa da kofinta. Wata tsohuwa ta tofa yawu a bakin rumfar.

Saƙo ɗaya Ruwaida ta tura masa: "Kai kaɗai ka gani, Safwan. Allah ya isa. Kada ka ƙara kirana."

Ya kira har wayar ta daina shiga. A gida kuwa mahaifiyarsa Hajiya Larai na jiransa da hoton a hannu.

"Wannan ce za ka kawo min?"

"Hajiya, ba ciwo ba ne. Kamara ce ta ƙara shi. Ko fatarki na ɗauka haka, sai kin tsorata."

"Fatata ka ce? In ka auro ta, ko tabarmata ba za ta taka ba. Jikoki dabbare-dabbare kamar awaki, ban shirya musu ba."

Rumfar Ruwaida ta zama kango, amma kullum tana buɗewa ta zauna. A nan Abdulƙahar ya same ta, cikin shadda mai maiƙo, ya tsaya nesa kaɗan.

"Kin ga yadda duniya take. Ni zan rufa miki asiri in aure ki. Tun ranar da na buɗe hoton nan a shago na san ba mai kwasarki sai ni."

Ruwaida ta ɗago ta dube shi.

"Kai ne ka tura."

"Gaskiya na nuna wa mutane," ya ce yana murmushi. "Ki yi tunani. Ba ki da wani zaɓi."

Bayan ya tafi, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar Juma'ar. Ta rubuta wa Safwan: "Na zalunce ka. Abdulƙahar ne." Amsa ta zo nan take: "Laifina ne da na bar shi a kwamfuta. Ina zuwa, Zinariyata."

Safwan ya biya shago ya kwashe kamararsa da zobbansa, ya bar wa Abdulƙahar sauran. Ya iso rumfar daidai lokacin da ake fitowa daga masallaci, titi cike. Ya zauna a kujerar amare, ya naɗe hannun riga.

"Ki zana min. Da hannun hagu."

"Za su yi maka dariya."

"Su yi."

Suka yi kuwa. 'Yan zem suka tsaya suna kiransa amarya. Zanen ya karkace, shi kuwa bai motsa ba har ya bushe. Washegari ya tura kawunsa neman aure wajen mahaifinta, Baba Seydou direban babbar mota. Tsohon ya ce, "Yaron da ya jawo mata wannan?" Sai da Ruwaida ta durƙusa ta ce shi take so, sannan ya sauko.

An ɗaura aure bayan Sallah. Ƙawaye kaɗan ne suka zo, kuma amarya da kanta ta yi wa kanta lalle, don babu mai lallen da ta yarda ta riƙe hannunta. Abdulƙahar na nan da shagonsa, ciniki bai ragu ba.

Da aka kai ta gaida surukarta, Hajiya Larai ta sa aka kawo wa kowa kunu a kofin gilashi. Ruwaida aka ajiye mata a tsohon gwangwanin madara, can gefen ƙofa.

Ruwaida ta ɗauka da hannu biyu ta kurɓa. Safwan ya ture kofinsa, ya taso ya zauna kusa da ita a ƙasa, ya karɓi gwangwanin ya shanye.

"Hajiya, ki sa mana albarka."

Hajiya Larai ta daɗe tana kallon gwangwanin a hannun ɗanta. Ta kawar da kai wajen bango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ta ce da ƙyar.

"Amin, Hajiya," Ruwaida ta amsa, da muryar da har na tsakar gida suka ji. "Allah ya ƙara girma."