Saƙon da Masaƙa Ta Jinkirta

A ɗakin sarrafawa na birnin Dausayi, Masaƙa tana ta aikinta babu ƙara. Na'ura ce da ta ɗaure kwamfutocin asibiti da na kasuwa da na gidaje wuri guda, ta yadda abin da ɗaya ta sani, sauran sun sani kafin ƙiftawar ido. Wannan tsari shi ake kira haɗin nan-take. Kafin zuwansa, tara bayanai ake yi har la'asar, sannan a sarrafa su gaba ɗaya, tari-tari.

Injiniya Hansatu, wadda ta gina Masaƙa, tana duban allo da hantsi sai saƙo ya fito daga asibiti: Allah Ya yi wa Malam Barau maɗinki rasuwa. Ta yi salati a hankali. Sai ta ga inda saƙon ya nufa. Ƙofar gidan mamacin, mai gane fuskokin mutanen gida, za ta goge fuskarsa daga ma'ajiyarta, tukunyar lantarki za ta rage awon shinkafa zuwa na mutum ɗaya, wayar matarsa Inna Delu kuwa za ta soma lissafa mata kwanakin takaba. Ita kuma baiwar Allah tana can tana dama masa kunun da za ta kai asibiti.

Hansatu ta dakatar da saƙon.

Nan da nan Dakta Mudi, shugaban hukumar da ke kula da Masaƙa, ya shigo. Ya tuna mata cewa a tsohon tsari sun taɓa kusan rasa mai naƙuda saboda neman jini ya maƙale a cikin tari, kuma a kan haka suka yi wa majalisar birni alkawarin babu saƙon da zai ƙara jira. Ya ce ai ita ce mai yi wa tsarin tari ba'a, tana ce masa motar tasha, sai ta cika take tashi.

Ta amsa cewa har gobe tana nan a kan bakanta game da jini da gobara da ruwan sha. Waɗannan su ci gaba da gudu nan-take. Labarin mutuwa kaɗai take so a mayar cikin tari, kada a sake shi sai ɗan'adam ya isa gidan.

"Ranka ya daɗe, tukunya ba ta iya ta'aziyya ba," in ji ta.

Dakta Mudi ya tambaya wa zai je gidan.

"Sahu ɗaya kuke sallar asuba da marigayin, Yallaɓai."

Ya gyara hularsa ya fita. Ya biya ya ɗauki limamin unguwa da ƙanwar Inna Delu. A zaure suka yi sallama, suka zauna da ita, suka fara da ambaton Allah, sannan suka faɗa mata. Ta yi kuka a kafaɗar 'yar'uwarta, akwai masu ce mata ta yi haƙuri. Sai bayan an dawo daga maƙabarta Hansatu ta saki saƙon.

Majalisa ta amince da gyaran, wasu birane ma suka aiko neman koyo. Dakta Mudi kuwa, da ya koma ofis, ya sa aka ɗauko masa dukan saƙonnin da Masaƙa ke kaiwa gidajen mutane. Ya zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kansa wanne ne kuma a cikinsu ya kamata ya jira sallamar mutum.