Ramin da Si Larbi Ya Toshe

Rana ta yi ja a kan ganuwar Marrakesh, Lalla Rkiya na zuba shayi a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo cikin tire, ƙwas. Ta ɗauka ta duba, gutsuren busasshen siminti ne. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, alhali babu kowa a kan soro.

Mijinta, Si Larbi, ya dubi tiren. Ya san simintin.

Tun da ya yi ritaya daga gidan waya ba shi da aiki sai tsuntsaye. Ya rataye farantan tsaba a bishiyar lemo, yakan wuni bayan labule da kyamara. Burinsa muƙnin, ɗan tsuntsu mai jan fuska da rawaya a fiffike. Amma da ya sauka sai tibibt su rufe farantin, 'yan tsuntsayen nan masu ruwan ƙasa da ke shiga har kicin su tsinci burodi. A garin nan ba a korar tibibt. Mahaifiyarsa takan ce baƙin Allah ne, kuma ba a san wa ke tafe cikin rigarsu ba. Shi kuwa gani yake ɓata masa hoto suke. Ranar da matan gida suka tafi gidan wanka, ya kwaɓa siminti ya toshe ramin da suke sheƙa a bango. Yana shafewa ya ji kuka daga ciki, siriri. Ya dakata. Sannan ya ƙarasa.

Kwana bakwai jifan na zuwa da almuru. A na takwas 'yarsu Zhor ta daina magana, ta daina cin abinci. Da an kira magariba sai ta je gindin bangon ta yi ta karta da farce har jini ya fito.

"Si Larbi, me ke cikin bangon nan?" in ji Rkiya.

"Me zai kasance? Bango ne."

 Kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya, yana kallon 'yarsa na ramewa.

Rkiya ce ta ɗauko Si Mfaddal, tsohon malamin unguwa. Ya zauna kan tabarma, ya sa turare a garwashi, ya fara karatu a hankali.  Can Zhor ta karkata kai gefe guda, ta yi magana da muryar wata tsohuwa.

"Malam, rage karatun. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Na riga kakansu zama a gidan nan. Yarinya ba ta yi komai ba. Tambayi mai hoto. 'Ya'yana uku ya rufe mini. Ɗaya zan ɗauka, ai na yi ragi."

"Ba a kama wani da laifin wani. Ki ji tsoron Allah, ki nemi abin da za a iya."

Muryar tsohuwar ta sake fitowa.

"To ya faɗa da bakinsa, a gaban matarsa. Ya buɗe da hannunsa. Ya ciyar da mu har ya mutu, amma idonsa ya gama ganinmu."

Si Larbi ya durƙusa. "Na ji kukansu, Rkiya," ya ce. "Wallahi na ji, na ci gaba."

Rkiya ba ta yi masa faɗa ba, ta dai kawar da fuska. Da ma ta zage shi.

Ya fasa simintin da guduma, ya sa hannu ya zaro sheƙar. 'Yan gawarwaki uku, busassu, bakinsu a buɗe. Ya binne su a gindin lemo. Zhor ta yi atishawa, ta zube, ta farka tana neman ruwa.

Jifa ya tsaya daga ranar. Kullum da safe Si Larbi na cika farantan, ya zauna ya jira, ko fiffike ba ya gani. Da ya shiga ɗaki sai ya ji tsakar gida ta cika da kuka da fuffuka, ya ji Zhor na dariya.

"Baba, zo ka ga muƙnin ɗinka, ya sauka!"

Yakan amsa mata daga ciki, ya ce ta bar shi ya ci.