Numfashin Dogo

"Ke ma ya ce miki ke ce numfashinsa?"

Auta ta ɗago kai daga keken ɗinki. Wata mata ce tsaye a bakin shagon, siririya, idanunta sun faɗa, ba ta riƙe da ko ƙyallen yadi.

"Baiwar Allah, wa kike nufi?"

"Dogo. Mai ofishin samar wa 'yan mata aiki a waje. Wanda za ki aura."

Auta ta dake. Tun da aka sa rana take shan surutu. Yayanta ma ya kafe cewa mutumin bai kwanta masa a rai ba, sai da Mama ta tsawatar, ta ce hassadar mutane ce kawai.

"In kishi ne ya kawo ki, kin makara."

"Kishi..." Matar ta yi wata dariya mara daɗi, ta zauna a kan benci. "Ban fi shekara ashirin ba lokacin da ya fara zuwa ƙofar gidanmu. Har ƙasa yake durƙusa wa babana. Ya ce ya samo min aikin otal, in tara abin aure in dawo. Da hawaye ya raka ni tasha. Ina sauka wata mata ta karɓe fasfona, ta kulle ni a ɗaki. Babu wani otal, ƙanwata. Maza ne ke shigowa."

Auta ta saki ɗinkin da ke hannunta.

"Mu huɗu ne a ɗakin. Uku a cikinmu numfashin Dogo ne." Matar ta miƙe. "An ce 'yar kawunki na shirin tafiya ta hannunsa. Don ita na zo."

Auta ko shagon ba ta rufe ba ta nufi ofishin Dogo. 'Yan mata na jere a kujerun roba, an ci kwalliya, suna kallon hotunan dogayen benaye da ke manne a bango. Ta wuce su ta tura ƙofar ciki.

Dogo ya taso da murmushin nan nasa, furfura ta ɗan tsattsafo masa a gemu.

"Rabin raina, ke ce da tsakar ranar nan?"

Ta zayyana masa duk abin da ta ji, tana addu'a a zuci ya ƙaryata. Ko ihu ya yi mata, za ta yarda da shi.

Sai ya koma ya zauna a hankali.

"Gwaggona ce ta raine ni, sana'arta ke nan. Ina ƙarami ni ke miƙa wa matan da ta kulle abinci ta taga. Da na tasa ta ce Allah Ya ba ni fuska da baki, in fita in samo mata. Na taɓa zaman kurkuku, can na koyi cewa mai ofis da tambari ba a kama shi. Yanzu ba na zuwa ƙofar gidan kowa, akwai samarin da ke yi."

"Amma ka zo tamu."

"Ke daban ce, Auta. Wallahi daban ce. Na gaji, ina so in zama mutum. Muna yin aure zan rufe wurin nan."

"'Yar kawuna fa?"

Ya shafa gemu.

"Wannan ba matsala ba ce, masoyiyata. Sai in cire ta in sa wata."

"Wata... 'yar waye?"

Ya dube ta da mamaki, kamar bai gane abin da ke cikin tambayar ba. Idanunsa cike suke da ƙauna, ta gaske, ba ta wasa ba. Abin da ya fi tsorata ta ke nan.

Ta fito, ta tsaya gaban 'yan matan.

"Ku tafi gida. Don Allah ku tafi."

Ɗaya ce kawai ta tashi. Sauran suka harare ta.

Yayanta ne ya raka ta wurin 'yan sanda, tare da matar nan. Shari'a ta yi tsawo. Wasu matan suka fito ba da shaida fuska a rufe, wasu har yau ba a san inda suke ba. Ranar da aka yanke masa hukunci, Dogo ya waiga yana neman ta a cikin jama'a. Da suka haɗa ido zuciyarta ta buga kamar yadda ta saba, ta ji ta tsani kanta.

Unguwa ta ce ta ɗaure mijin aurenta. 'Yar kawun ta daina gaishe ta, wai ta toshe mata hanyar arziki. Mama ta mayar da kayan lefe.

Wata rana da yamma Yaya ya same ta a shago, keke a tsaye, ta zuba wa titi ido.

"Auta, kin daina sonsa kuwa?"

Ta juyo ta dube shi.

"Ban daina ba, Yaya. Shi ne abin da ba zan taɓa yafe masa ba."