Garin Buji

Da hantsi rahoto ya iso komisariyar 'yan sanda ta Madarumfa: injin ban ruwa ya kama wuta a bakin tabki, hannun Ado mai albasa ya ƙone.

Sufeto Inusa ya iske manoma sun kewaye Sa'idu makanike, suna cewa a rufe garejinsa.

"Kai ka gyara injin?"

"Ni ne."

"Yaya kake yi?"

"Ƙaro nike zuba ma bobin, naɗin wayar wutar injin. Amma ƙaro kaɗai riƙe zafi yake. Sai in daka farin jikin buji, wato fulogi, in wanke da ruwan batir, in soya, in gauraya. Shi ke fidda zafin waje."

Sufeto ya kankaro ƙaron daga bobin injin da wuƙa, ya tofa masa yawu, ya murza. Ya zama taɓo.

"Buji na jiƙewa, Sa'idu?"

Sa'idu ya sunkuyar da kai.

A gidan likita, Ado ya ce ran Laraba ya kai injin.

"Sa'idu yana Maraɗi. Surukinshi, Malam Garba, ya amshi injin. Ai shi ya koya mashi aikin, kullum yana faɗi."

A gareji, Sufeto ya duba turmin ƙarfen da ake daka buji. Yanar gizo ce a ciki. Malam Garba na zaune kan benci yana jan tasbaha.

"Sa'idu, ƙarya ka yi mani. Wa ya zuba ƙaron?"

"Na ce ni ne."

"To, kai zan rufe."

"To."

Sufeto ya ɗauki buji, ya miƙa wa tsohon.

"Baba, ku nuna mani yadda kuka koya mashi."

Malam Garba ya juya bujin, ya sake juyawa.

"Ban iya ba," ya ce. "Shekara tara ina cika baki. Ado ya kawo injin gaban jama'a, in ce mi? Na ga gari fari Sa'idu yake zubawa, sai na ɗebo farar ƙasa."

"Baba, da kun yi shiru," in ji Sa'idu, bai ɗago ba.

"Kana aure da ɗiyata, kuma ka ɗaukar mani kaso? Ya isa."

Tsohon ya miƙe, ya roƙi Sufeto su bi ta bayan gari zuwa komisariya.

"Hanya guda ce, Baba, ta kasuwa. Manoman can sai sun ji daga bakinku."

Tsohon ya ja rawani ya rufe fuska, ya shiga gaba.