Ma'aikaci Na Tara

Kalolaine ta dawo daga jami'a ƙafafu kamar ba nata ba, ta tarar da Gwaggo Luseane, yayar mahaifin mijinta, zaune a falonsu na Brisbane da rahoton binciken Kalolaine a cinya.

Shekara biyar ke nan Kalolaine tana bin gonakin lemo tana hira da 'yan ƙasarsu Tonga masu zuwa aikin tsinka. Kowa ta yi wa alkawari: ba suna, sai lamba.

"Ke Dakta! Wannan Ma'aikaci Na Tara da ya gudu daga gona yana ɓuya, ɗana Semisi ne ko? Shekara biyu ban ji muryarsa ba!"

"Gwaggo, ki yafe mini. Ko e ko a'a ba zan iya cewa ba."

"Ka ji ko, Lisiate? Boko ka aura!"

Lisiate, mijin Kalolaine, ya sunkuyar da kai. A wurinsu, maganar 'yar'uwar uba yankan wuƙa ce.

"Haba Kalo, kalma ɗaya fa," in ji shi bayan Gwaggo ta tafi.

"Kalma ɗayan ce za ta sa a kama mutum a tasa ƙeyarsa gida. Na gaji, Lisiate. Ni ma ina da zuciya."

Gwaggo ta kafa doka: ba mai cin abinci da Kalolaine. Wata huɗu, duk Lahadi bayan coci, dangi na can suna cin doya da kifi, ita tana mota tana gyaran takardun ɗalibai tana sharar hawaye. Lisiate, bawan Allah, ya rasa tudun dafawa. A wata na uku ya fara ɗauko farantinsa yana zuwa motar.

Duk lokacin nan Kalolaine na zarya ofishin lauya kan maganar Ma'aikaci Na Tara, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata Lahadi sai ga Semisi a ƙofar coci, ya rame, da sabuwar takardar izinin aiki a hannu. Gwaggo ta rungume shi tana kuka tana dukansa.

"Kalolaine ta sani, ta bar ni ina ta kuka!"

"Mama, da kin sani, kafin yamma duk Nuku'alofa, can gida Tonga, ta sani. Shirunta ne ya kawo ni gabanki."

Gwaggo ta sake shi. Can ta zuba abinci da hannunta, ta nufi motar, ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Fito, 'yata. Gaskiya ne, bakina ba ya da linzami."

Riƙon amana akwai ɗaci, amma mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.